A Bar Wa Ruwa Irinsa: Dalilin Da Ya Sa Ya Kamata A Ƙayyade Kamun Kifi A Ƙasar Kano

A watan Yuni na shekarar 2024 hukumar kula da muhalli ta ƙasar Norwe ta ba da umurnin a rufe koguna 33, ta hana kowa jefa ƙugiya a cikinsu don kamun wani kifi da ake kira salmon. An yi wannan ne ana cikin lokacin kamu, masu fatsa don nishaɗi sun riga sun yi shiri, waɗansu ma sun taso daga ƙasashe masu nisa. Hujjar hukumar ita ce kifin da ya komo daga teku a wannan shekara ya yi ƙaranci ƙwarai, in aka ci gaba da kamawa ba za a bar wanda zai isa ya zuba ƙwai ba. Haka nan a jihar Kalifoniya ta Amurka an hana kamun wannan kifi a teku ɗungum a 2023 da 2024. A jihar Oregon kuwa, wadda ke maƙwabtaka da ita, an sha rage yawan kifin da aka yarda mai fatsa ya tafi da shi gida daga kogunan bakin teku.

Mai karatu da ke zaune a Ƙauyen Alu ko Gyaɗi-Gyaɗi zai iya cewa ina ruwan biri da gada? Tsakaninmu da teku tafiyar kilomita kusan 1,000 ce, salmon kuma ko a mafarki bai taɓa shigowa Kogin Kano ba. Wannan gaskiya ne. Amma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙa'idar kimiyyar da ta sa aka rufe waɗancan koguna ita ce dai take aiki a Tiga da Challawa da Wudil, domin kifi ko na wace ƙasa ne ba ya yaɗuwa sai an bar iyaye sun yi ƙwai. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne lokaci ya yi da za a sa wa kamun kifi iyaka ta gaske a ruwayen ƙasar Kano, a riƙa hutar da ruwa da damina, a kuma daina kama kifin da bai isa haihuwa ba. Sai dai in ana son wannan iyaka ta ɗore, dole masunta su kasance cikin masu yanka ta.

Abin da salmon ke koya mana

Salmon kifi ne mai rayuwa biyu. A kogi ake ƙyanƙyasarsa, cikin tsakuwar da ruwa mai sanyi ke gudana a kanta. Idan ya ɗan tasa sai ya gangara teku, ya yi shekara ɗaya zuwa huɗu ko fiye yana kiwo, sa'an nan ya juyo ya nemi kogin da aka haife shi. Tun cikin shekarun 1950 wani masani ɗan Amurka mai suna Arthur Hasler ya nuna cewa da ƙanshin ruwa kifin ke gane koginsu. Irin na tekun Fasifik da zarar ya zuba ƙwai sai ya mutu. Ke nan duk macen da aka kama a kan hanyarta ta komawa gida an kama ta ne da ƙwanta duka, ba ta kuma da wata dama ta biyu.

Wannan hali nasa ya sauƙaƙa wa masana lissafi. Tun da kifin ta ƙofa ɗaya zai bi, ana iya ƙirga shi. Alal misali, a madatsar ruwa ta Bonneville da ke kan Kogin Kolombiya an gina wa kifi wata irin matakala ta ruwa, tun 1938 kuma ake ƙirga waɗanda suka haura ta. Masana sukan fara da tambayar kifi nawa ya kamata su tsira su kai wurin ƙwai domin kogin ya ci gaba da cika. Abin da ya yi saura bayan an ware wannan adadi shi ake raba wa masu kamawa. In shekara ta yi kyau a ƙara wa mai fatsa, in ta ɓaci a rage masa, in ta ɓaci ƙwarai a rufe kogin. Har wata dabara suke yi: kifin da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo akan yanke masa wani ɗan ƙaramin fiffike na kusa da wutsiya kafin a sake shi, don mai fatsa ya bambanta shi da haifaffen kogi, ya riƙe na farko ya mayar da na biyu cikin ruwa.

Duk manomin Kura ko Dawakin Kudu ya san wannan hikima tun kafin a rubuta ta a littafi. Bayan girbi yakan ware damin da ya fi kyau ya ajiye, ko yunwar bazara ta matsa ba ya taɓa shi, domin ya san wanda ya cinye iri ba shi da abin shukawa. Iyayen kifi su ne irin ruwa.

Ɗan lissafi ga ɗalibai

Bari mu ƙaddara akwai wani tafki mai manyan kifaye 1,000, kuma kowace shekara suna ƙaruwa da kashi 30 cikin 100 ta hanyar haihuwa da girma. Waɗannan alƙaluma na misali ne kurum, don a ga yadda abin ke tafiya. In masunta suka tsaya a kan kifi 300 a shekara, sun ci riba ke nan sun bar uwar kuɗi, tafkin zai ci gaba da ba su 300 har illa masha Allahu. To, a ce sun ƙara 100 kacal, suna kama 400. Ƙarshen shekara ta farko za a bar 900, ta biyu 770, ta uku 601, ta huɗu 381, ta biyar 95. A shekara ta shida ko sun kwashe duk abin da ke ciki ba zai wuce 124 ba. Cikin shekara goma mai haƙuri ya kama kifi 3,000, tafkinsa kuma yana nan cike, mai gaggawa kuwa ya kama 2,124, ya koma yana jan raga wayam.

Abin lura a nan shi ne a shekaru huɗun farko mai gaggawa ba zai ga wata alamar tsoro a cikin kwandonsa ba, tun da 400 ɗinsa yake samu, sai dai yana ƙara daɗewa a ruwa, yana kuma matse idon ragarsa. Irin wannan ya faru ga masuntan tsibirin Newfoundland na Kanada. Ɗaruruwan shekaru suna kamun wani kifi da ake kira kod, manyan jiragen zamani suka zo suka ƙara ƙarfin kamu, har a watan Yuli na 1992 gwamnati ta rufe kamun baki ɗaya, mutane kimanin 30,000 suka rasa sana'a lokaci guda. An yi tsammanin hutun shekara biyu zai wadatar, sai ga shi an shafe fiye da shekara 30 kifin bai koma yadda yake ba.

Ruwayenmu da kifayenmu

Jihar Kano ba ta da teku, amma Allah ya hore mata ruwa. An kammala madatsar Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tafkinta kuma ya kai murabba'in kilomita kimanin 178. Kafin ita an yi ta Bagauda, bayanta kuma aka gama ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kusa da Tamburawa, su bi ta Wudil su nufi Haɗeja, su bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. A cikin waɗannan ruwaye ake samun karfasa da tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa da kawara da sauransu, kowanne da yadda yake haihuwa.

Tarwaɗa da damina take jira. Idan ruwa ya cika ya malala kan ciyayin fadama sai ta bi shi ta zuba ƙwai dubbai masu ɗanƙo su manne wa ciyawa, 'ya'yan su tashi a wannan ruwa maras zurfi mai ɗumi da yalwar abinci. A daidai wannan lokaci ne kuma ta fi sauƙin kamuwa, domin tana taruwa a mashigai, mutum ɗaya in ya tare mashiga da raga ko gura yana iya kwashe iyayen fadama guda. Karfasa kuwa ƙwanta kaɗan ne, daga 'yan ɗaruruwa zuwa kamar 2,000, amma uwar tana ɗauke da su cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, ko bayan nan ma in 'ya'yan suka ga haɗari bakinta suke komawa. Wanda ya kama ta a wannan hali ya kashe gida guda ne da ƙugiya ɗaya.

Bugu da ƙari, babbar mace ta fi ƙanana amfani ga ruwa fiye da yadda nauyinta ke nunawa. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2018 ya nuna cewa macen kod ɗaya mai kilo 30 ta fi mata 28 masu kilo bibbiyu yawan ƙwai, alhali nauyin waɗannan 28 ya kusa ninka nata. Saboda haka ruwan da aka tsince manyan kifayensa ya yi asarar da ma'auni ba zai nuna ba.

Yanzu sai mu dubi kayan kamun. A da masunci yakan auna idon kalli ko birgi da yatsunsa, yana alfahari da babban ido domin babban kifi yake nema. A yau a wurare da yawa na Afirka, har da namu, gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro ya zama raga, shi kuwa ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai farce ba. Akwai taru mai ƙaramin ido da ake ja a bakin gaɓa, inda 'ya'yan kifi ke fakewa. Mafi muni shi ne zuba guba. Kakanninmu sun san magimfa, amma da zamani ya zo sai waɗansu suka koma ga maganin ƙwari irin su Gamalin 20, wanda sinadarinsa ke daɗewa a ruwa da jikin ɗan Adam, har aka sa shi cikin jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm ta hana a 2009. Guba ba ta zaɓe, babba da ƙarami take kashewa, mai cin kifin ma bai tsira ba.

Doka tana nan, al'ada ma tana nan

Ba rashin doka ne ya kawo mu nan ba. Dokar Soja mai lamba 108 ta 1992, wadda ta shafi kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, watau inci 3, in ban da waɗansu nau'o'in kamu da ta keɓe, ta kuma ba da ikon rufe wani ruwa ko wani lokaci na shekara. Matsalar ita ce tarar da ke cikinta an yanka ta ne da darajar naira ta wancan zamani, ma'aikacin gwamnati kuma ba zai iya kwana a bakin kowace mashiga ba. Dokar da babu mai gadinta, takarda ce kurum.

Amma akwai dokar da ta daɗe tana aiki ba tare da ɗan sanda ba. A Argungu ta jihar Kabi, sashen kogin Matan Fada da ake yin gasa a cikinsa a hane yake duk shekara, ba mai jefa koma sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini, ita ma gasar ba ta wuce kamar sa'a ɗaya, da koma da gora kawai. Wannan biki da aka fara shi a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, mutane sun fi saninsa da kaɗe-kaɗe da kyaututtuka. Ga masanin kimiyya kuwa gwaji ne da ake maimaitawa a idon duniya: a hutar da ruwa, a ga irin giwan ruwan da zai fito. A 2020 an fito da kifi mai kilo 78. Haka kuma a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa da ta Bade an san tafkunan da ba a taɓawa sai ranar su, sa'ad da gari duka zai faɗa ruwa tare. Tsarin hurumi da Musulunci ya sani, na keɓe wani wuri don maslahar jama'a, shi ma wannan manufa yake bi, addini kuma ya hana almubazzaranci ko da a abin da ya halatta.

A 1968 wani masani mai suna Garrett Hardin ya yi bayanin cewa duk dukiyar da kowa ke ɗiba ba mai ita ƙarshenta lalacewa, domin kowa yana tunanin in ya bari wani zai ɗauke. Daga baya Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta tattara misalai daga ƙasashe daban-daban ta nuna cewa jama'a suna iya tsare dukiyar tarayya da kansu, muddin an san iyakar wurin, an san masu haƙƙi, su ne suka yanka ƙa'idar, kuma suna da ikon hukunta mai saɓawa. Sarautar Sarkin Ruwa ta cika waɗannan sharuɗɗa tun kafin a haifi Ostrom. A Tafkin Kainji ma, cikin shekarun 1990, wani shiri na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus ya bi ta hannun sarakunan gargajiya da shugabannin masunta wajen ba da lasisi da yaƙi da tarun bakin gaɓa, domin an gane cewa daga ofis kaɗai abin ba zai yiwu ba.

Hujjar masu suka

Akwai suka mai ƙarfi da ya wajaba a saurara. Bature mai fatsar salmon don nishaɗi yake yi, in an rage masa kifi ya koma gida ya ci naman shanu. Masuncin Tiga kuwa da abin da ya kamo yau za a ɗora tukunya, a biya kuɗin makarantar yara. Ta yaya za a ce wa mai jin yunwa ya ajiye raga wata biyu don maslahar jikoki?

Amsa ta farko ita ce wannan bambanci ƙara ƙarfafa maganar yake yi. In kogin Norwe ya mutu, mai nishaɗi ya sake wani wasa. In Tiga ta ƙare, masunci ba shi da wata Tigar. Wanda rayuwarsa ta rataya a kan ruwa shi ya fi kowa bukatar ruwan ya ɗore. Amsa ta biyu ita ce lokacin da ake neman a hutar da ruwa, watau tsakiyar damina, shi ne lokacin da masunta da yawa ke gona, domin galibinsu sun haɗa su da noma. Amsa ta uku kuwa ita ce ba adalci ba ne a ɗora wa talaka shi kaɗai nauyin abin da kowa zai amfana da shi. Ƙasar Brazil tana biyan ƙananan masunta mafi ƙarancin albashi a watannin da ta rufe ruwa don kifi ya hayayyafa. Ghana ma da ta gwada rufe teku ga masu kwalekwale na wata guda, farawa daga 2019, ta raba wa masunta shinkafa da mai a waɗansu shekaru. Gwamnatin da ke tallafa wa manomi da taki tana iya tallafa wa masunci da musayar raga, ya kawo mai ƙaramin ido a ba shi mai babba.

Waɗansu kuma za su ce ai kiwon kifi ya wadatar, tun da yawancin tarwaɗar da ake gasawa da yamma a bakin titin Zariya daga gonakin kifi take, sauran kuma daskararren kifi ne daga ƙasashen waje. Kiwon kifi abu ne mai kyau, a kuma ƙarfafa shi. Amma hukumomin Nijeriya da kansu sukan ce ƙasar na bukatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Kifin gona yana cin abinci mai tsada wanda a cikinsa ma akwai garin kifi, na waje kuma farashinsa yana bin dala. Kogi shi kaɗai ne gonar da ba a saya mata iri ko abinci, kuma shi ne ke ajiye da ire-iren kifayen da ba wanda ke kiwonsu.

Laifin ba na masunci kaɗai ba ne

Darasin salmon yana da wani ɓangare da bai kamata a tsallake ba. A Norwe masana sun ɗora babban alhakin raguwar kifin a kan ƙwarin da ke yaɗuwa daga gonakin kifi na teku da kuma sauyin yanayin tekun. A yammacin Amurka madatsun ruwa ne suka toshe masa hanya. A 2024 an kammala rushe madatsu huɗu a kan Kogin Klamath, a watan Oktoba na wannan shekara kuma aka ga salmon a sassan kogin da ya yi fiye da shekara 100 bai kai ba.

Mu ma haka abin yake. Ba wanda zai ce a rushe Tiga, domin da ita Kano ke shan ruwa, da ita kuma ake noman rani a Kadawa. Amma tun da aka gina madatsun nan, ga kuma fari na shekarun 1970 da 1980, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu daga fiye da murabba'in kilomita 2,000 zuwa ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990, ciyawar kacalla kuma ta toshe magudanai da yawa. Binciken da aka yi a kogunan Afirka ya nuna cewa yawan kifin da ake kamawa yana bin faɗin ambaliyar shekarun da suka gabata. Saboda haka sakin ruwa daga madatsa a lokacin da kifi ke ƙwai shi ma wani nau'i ne na barin iri, nauyin wannan kuma yana kan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Haka nan dagwalon masana'antu da ke gangarawa cikin Kogin Challawa da na Jakara yana kashe abin da raga ba ta kai gare shi ba. In za a ce wa masunci ya rage, dole a ce wa mai masana'anta ya tace.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, ma'aikatar da ke kula da kifi a jiha ta zauna da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta na kowane tafki, a tsayar da makonnin damina da za a hutar da ruwa, a kuma keɓe mashigai da ciyayin bakin gaɓa su zama hurumi. Na biyu, a aiwatar da ƙa'idar idon raga ta hanyar musaya da tallafi kafin a kai ga tara, guba kuwa kada a yi mata sassauci ko kaɗan. Na uku, a fara ƙirga. Turawan nan sun iya rufe kogi a kan lokaci ne domin suna da alƙaluman shekara da shekaru. Wani masani mai suna Daniel Pauly ya ja hankali a 1995 cewa kowane zamani yakan ɗauki kifin da ya tarar a ƙuruciyarsa a matsayin yadda ruwa yake tun asali, ta haka ake yin asara mai yawa ba a ankara ba. Maganin wannan mantuwa shi ne rubutu.

A nan ne makarantunmu ke da rawar takawa. Malamin ilmin halittu a kowace sakandare ta Tarauni yana iya ɗaukar ɗalibansa su je kasuwa sau ɗaya a wata, da rula da littafi, su nemi izinin mai kifi cikin ladabi, su tambayi daga wane ruwa aka kawo shi, su rubuta sunansa da tsawonsa da farashinsa, su lura ko akwai ƙwai a cikin waɗanda ake gyarawa. Su kuma zauna da dattawan masunta su rubuta sunayen kifayen da suka sani a da waɗanda yanzu ba sa gani. Aikin ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje, amma in makarantu goma suka riƙe shi shekara biyar za su tara bayanin da jami'a da ma'aikata za su nema da kansu.

Mai saye ma yana da nasa. Masunci ba zai kwaso 'ya'yan karfasa ba in ya san ba mai taya su. Sai dai a bambanta, domin akwai kifayen da ƙanana ne har tsufansu, kamar warangin Kainji, waɗannan ba laifi a ci su. Abin da za a ƙi shi ne ɗan babban kifi da aka kama kafin ya haihu. Uwargidan da ta ƙi sayensa, da yaron da ya kama ƙaramar tarwaɗa da fatsa ya mayar da ita ruwa, duk sun yi abin da hukumar Norwe ta yi, kowa gwargwadon ikonsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Newfoundland sun jira sai da teku ta yi shiru kafin su sa iyaka, suka biya da sana'ar zuriya guda. Ruwayenmu ba su kai ga haka ba tukuna, kifayenmu kuma masu saurin girma ne, in aka ɗaga musu ƙafa damina biyu ko uku za a ga canji a cikin raga. Ya rage ga hukuma da sarakunan ruwa su zauna tun kafin damina mai zuwa ta faɗi. Allah ya sa albarka a ruwayenmu, ya kuma ba mu ikon riƙe amanarsu.